Yadda ake saita Hz da rizolushan na monita, da abin yi in sikirin ya yi baƙi

Mutane da yawa sun sayi monita mai 144Hz, an rubuta shi ɓaro-ɓaro a jikin kwali, amma in ka leƙa saitin kwamfutarsu sai ka tarar tun ranar da suka jona shi a 60 yake tafiya kuma ba su ma sani ba. Ba laifin monitan bane, Windows ne sau da yawa yake barin sa a 60 sai kai da kanka ka je ka ɗaga. Wasu kuma tasu matsalar daban ce, rubutu ya yi musu ƙanana sai suka je suka rage rizolushan, yanzu komai ya koma dishi-dishi suna ta cewa monitan ne bashi da kyau. Duka biyun gyaransu ba ya ɗaukar lokaci in dai kayan haɗin lafiyarsu ƙalau, toh bari mu bi su a hankali.

Da farko dai mene ne abubuwan biyu

Hoton da kake gani a sikirin ɗige-ɗige ne ƙanana da ake kira fiksel, rizolushan kuma shi ne yawansu. In an ce 1920x1080 ana nufin ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, in ka ninka za ka samu 2,073,600. Mai 2560x1440 yana da 3,686,400, shi kuwa 4K wato 3840x2160 yana da 8,294,400, ninki huɗu cif na 1080. Tsofaffin laftof da yawa 1366x768 ne. Abin da nake so ka riƙe anan shi ne monita irin na yanzu, LCD ne ko OLED, yawan ɗigonsa a ƙere yake tun daga masana'anta, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, wannan shi ne asalin rizolushan ɗinsa. In ka tura masa hoton da bai kai haka ba dole sai ya miƙe shi ya cike gurbin da ƙiyasi, ɗigo ɗaya na hoto ya faɗa kan ɗigo ɗaya da rabi na gilashi, shi ya sa bakin haruffa ke yin laushi kamar an shafa su.

Hz kuma shi ne sau nawa monitan yake sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya. 60Hz sau 60 kenan, kowane hoto yana tsayawa milisakan 16.7 (milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa) kafin wani ya maye gurbinsa. A 120 ya koma 8.3, a 144 kuma 6.9, a 240 wajen 4.2. Ka lura da lissafin nan da kyau, daga 60 zuwa 144 an rage kusan milisakan 10, amma daga 144 zuwa 240 bai kai 3 ba, shi ya sa tsallen farko kowa yana ganin sa ko da maus kawai ya motsa, na biyun kuwa sai ɗan gem da idonsa ya saba. Kuma Hz ba ya ƙara wa hoto tsabta in yana tsaye, aikinsa a motsi yake.

Mataki na farko, ka san monitanka

Kar ka fara taɓa saiti tukuna. Juya bayan monitan ka duba ƴar takardar da ke manne, akwai lambar samfurinsa, rubuta ta a intanet ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera shi. Abu uku kake nema: asalin rizolushan, Hz mafi girma, sai na ukun wanda mutane suke tsallakewa kuma shi ne ya fi ba da wahala, wato ta wane ramin jona kebul ake samun wannan Hz ɗin. Akwai monitoci da yawa da suke ba da cikakken saurinsu ta DisplayPort kaɗai, in ka jona ta HDMI sai su tsaya a ƙasa da haka, ba yadda za ka yi da su a saiti.

Mataki na biyu, kebul da rami

Nan zan ɗan daɗe domin mafi yawan masu cewa 144 ta ƙi fitowa a jerin zaɓi, matsalarsu anan take. Hoto yana bin hanya ne, daga katin girafik, wato ɓangaren kwamfuta da ke haɗa hoto, zuwa raminsa, zuwa kebul, zuwa ramin monita. Abin kamar bututun ruwa ne, inda ya fi ƙunci a duk hanyar shi ke yanke yawan abin da zai wuce, ko da sauran duk manya ne. Rizolushan mai yawa da Hz mai yawa duk bayanai ne da za su bi ta wannan hanyar, in ka ƙara ɗaya wani lokacin dole ɗayan ya sauka.

HDMI 1.4 wanda ya fito a 2009 yana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa, a 4K ba ya wuce 30Hz, kuma 30Hz a kan kwamfuta wallahi azaba ce, maus ɗin ma ja yake kamar ya gaji. HDMI 2.0 na 2013 yana da 18, yana ba da 4K a 60, ko 2560x1440 a 144, ko 1080 a 240. HDMI 2.1 na 2017 ya kai 48, shi ne mai 4K a 120. A ɓangaren DisplayPort, 1.2 yana ɗaukar 4K a 60 da 1440 har sama da 144, 1.4 kuma yana kai 4K zuwa 120, da dabarar matse hoto da ake kira DSC ma yana wuce haka. In kwamfutarka da monitanka duk suna da DisplayPort, ni dai shawarata ka yi amfani da shi kawai ka huta, yafi rashin rigima a harkar kwamfuta.

Su kebul ɗin HDMI a ƙa'ida ba da lambar zubi ake gane su ba, da sunan da ke jikin kwalin ne: High Speed, sai Premium High Speed mai ɗaukar 18, sai Ultra High Speed mai 48. Kebul ɗin da bai kai ba, alamarsa ita ce sikirin ya riƙa ɗaukewa na daƙiƙa ɗaya ko biyu yana dawowa, ko ka ga fararen ɗige-ɗige suna walƙiya, musamman in doguwa ce sosai igiyar. Wanda ya zo a cikin kwalin monitan galibi shi ne ya dace da shi, fara gwada shi kafin ka nemi wani.

DVI kala biyu ne, mai layi ɗaya yana tsayawa a 1920x1200 a 60Hz, mai layi biyu shi ne yake iya 1080 a 144. VGA kuwa, mai shuɗin kai da sukurori biyu, tun 1987 IBM ta fito da shi, analog ne, kar ka sa rai da wani babban Hz a kansa. In dole shi za ka yi amfani da shi toh bayan ka saita rizolushan ka danna maɓallin Auto a jikin monitan domin ya daidaita hoton da kansa, yana rage rawar rubutu sosai.

Abu biyu kuma kafin mu wuce. In kwamfutar tebur ce mai katin girafik na daban, ka leƙa baya ka tabbata kebul ɗin a jikin katin yake, wato ramukan da suke can ƙasa a kwance, ba na sama da ke kusa da ramukan USB ba, waɗannan na madabod ne, wato babban allon cikin kwamfutar. Wannan kuskuren ya fi yadda kake zato yawa, mutum ya sa kati mai ƙarfi amma hoto yana fita ta ƙaramin girafik na cikin furosesa. Na biyu, in laftof ce kuma ta USB-C za ka fitar da hoto, ba kowane ramin USB-C bane yake ɗaukar hoto, wani caji da fayil kawai yake yi, sannan irin ƙananan adaftocin nan masu ramuka da yawa wasunsu 4K a 30Hz kawai suke iyawa, in ka ga ka maƙale a 30 fara zargin adaftar.

Mataki na uku, rizolushan a Windows 10 da 11

Je fuskar kwamfuta inda babu komai, danna maɓallin dama na maus, zaɓi Display settings. In monita fiye da ɗaya ne a jone za ka ga akwatuna masu lamba 1 da 2 a sama, danna Identify lambar za ta fito a kan kowane sikirin, sai ka danna akwatin wanda kake son gyarawa, in ba haka ba sai ka yi ta canza na wani kana mamakin me ya sa ba abin da ya sauya. Gangara ƙasa zuwa Display resolution, buɗe jerin, zaɓi wanda aka rubuta Recommended a gefensa, kusan koyaushe shi ne asalin na monitan, amma ka gwada shi da abin da ka gani a shafin kamfani. Sikirin zai ɗan ɗauke ya dawo, sai Windows ya tambaye ka Keep changes ko Revert, in ya yi maka ka danna Keep changes. In ba ka danna komai ba cikin daƙiƙa 15 zai koma yadda yake da kansa, ka riƙe wannan don za mu dawo kansa.

In ka ga mutane a hoto sun yi faɗi ko da'ira ta koma kamar ƙwai, rizolushan ɗin da aka zaɓa fasalinsa bai dace da na gilashin ba, misali a sa 1024x768 wanda 4:3 ne a kan monita mai 16:9. Maida shi na asali shikenan.

Toh in asalin rizolushan ɗin baya cikin jerin kwata-kwata fa, ko jerin ma ya ƙi buɗuwa? Wannan galibi matsalar direba ce, wato manhajar da ke sa Windows ya iya sarrafa katin girafik. Danna maɓallin dama a kan Start, shiga Device Manager, buɗe Display adapters. In ka ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter toh kwamfutarka ba ta da direban katinta, na wucin gadi take amfani da shi, ana yawan ganin haka bayan an sake sa Windows. Je shafin NVIDIA ko AMD ko Intel, ko shafin kamfanin laftof ɗin, ka sauke na gaskiya ka sa ka sake kunna kwamfutar. Kar ka bi ta irin manhajojin nan masu alƙawarin gyara maka duk direbobi da dannawa ɗaya, ba ka buƙatarsu.

Mataki na huɗu, in rubutu ya yi ƙanana

Don Allah kar ka rage rizolushan saboda wannan. A shafin nan dai, sama da Display resolution kaɗan akwai Scale, nan ne maganin. Ɗaga shi zuwa 125% ko 150%, rubutu da gumaka za su girma amma da cikakken ɗigon monitan ake zana su, sai su fito manya kuma tas. Girman gilashin ne yake nuna abin da ya dace: 1080 a inci 24 wajen ɗigo 92 ne a kowane inci, 100% ya ishe shi. 1440 a inci 27 wajen 109 ne, wasu 100% wasu 125%. 4K a inci 27 kuwa ya kai 163, a 100% sai ka matso da fuska kafin ka karanta, 150% ya fi dacewa da yawancin mutane. Akwai wurin da za ka rubuta taka lambar da hannu amma ni ban cika so ba, wasu tsofaffin manhajoji suna rikicewa, tsaya a waɗanda ke cikin jerin. In bayan haka har yanzu rubutun bai kwanta maka a ido ba, rubuta ClearType a wurin bincike na Start ka bi tambayoyin da zai yi maka, kamar gwajin ido ne, kana zaɓar wanda ya fi fitowa.

Mataki na biyar, ɗaga Hz

A Windows 11, cikin shafin Display ɗin nan gangara zuwa Advanced display, a sama ka tabbata monitan da kake nufi ne aka zaɓa, sai ka nemi Choose a refresh rate ka ɗauki mafi girma. A Windows 10 sunan wurin Advanced display settings, kuma tun sabuntawar ƙarshen 2020 akwai jerin Refresh rate a ƙasan shafin. In naka ya girmi haka, danna Display adapter properties, shiga shafin Monitor, za ka ga Screen refresh rate, zaɓa ka danna Apply. A cikin wannan ƙaramar tagar kuma akwai maɓallin List All Modes, yana jero maka duk haɗin rizolushan da Hz da monitan ya ce yana iyawa, yana da amfani sosai domin anan za ka gane misali 144 tana nan amma a ƙaramin rizolushan kaɗai, kaga kenan hanya ce ta yi ƙunci, koma mataki na biyu. Windows 11 ma yana sa alamar tauraro a gefen Hz ɗin da ba zai yiwu a rizolushan ɗin da kake kai ba, in ka zaɓe shi rizolushan zai sauka, ka kula.

Za ka iya ganin 59.94 maimakon 60, ko 143.9 da wani abu maimakon 144, kar ya dame ka. Ita 59.94 gado ce daga tsarin talabijin mai launi na Amurka, NTSC, tun 1953, ba wani bambanci da idonka zai kama.

In mafi girman bai fito ba alhali kebul da rami duk daidai ne, sai ka koma jikin monitan da kansa. Danna maɓallansa ka shiga menu, nemi inda ake zaɓar zubin DisplayPort ko HDMI, wasu suna zuwa a saite a kan tsohon zubi don su yi aiki da tsofaffin na'urori, sai ka ɗaga. Wasu kuma lambar da aka tallata, misali 165 ko 170, sai ka kunna wani abu da aka rubuta Overclock a menu ɗin kafin ta bayyana a Windows, wannan na kamfani ne ba matsala.

Masu katin NVIDIA, akwai wani tarko a NVIDIA Control Panel. In ka shiga Change resolution za ka ga jerin ya rabu biyu, na sama an rubuta Ultra HD, HD, SD, na ƙasa an rubuta PC. Na saman tsarin talabijin ne, sau da yawa manyan Hz basa fitowa a ƙarƙashinsa, gangara ka zaɓi rizolushan ɗinka a ƙarƙashin PC sai ka duba jerin Hz kuma. Tunda kana wurin ka duba Output dynamic range, in yana Limited ka maida shi Full, musamman a HDMI, in ba haka ba baƙi zai riƙa fitowa kamar toka-toka. A laftof da yawa wannan shafin ma ba zai fito ba domin girafik na Intel ko AMD ne yake riƙe da sikirin, ba lalacewa bace, yi amfani da saitin Windows kawai.

Mataki na shida, tabbatarwa

Kar ka yarda da abin da ka zaɓa sai ka gani. Yawancin monitoci suna da shafin bayani a menu ɗinsu da ke nuna siginar da ke shigowa yanzu, rizolushan da Hz, wannan shi ne shaidar da ta fi ƙarfi. A Advanced display ma akwai layi biyu, ɗaya na abin da Windows yake zanawa ɗaya na Active signal, wato abin da ake turawa ta kebul, ka ga sun yi daidai. Sai ka buɗe testufo.com a burauza, zai nuna maka Hz ɗin da yake gani da wasu hotuna masu gudu a sauri daban-daban. Ko mafi sauƙi ma, ka kama wata taga da maus ka yi ta zagaye da ita a sikirin, in daga 60 ka koma 144 ba sai an gaya maka ba.

Monita biyu da laftof

Danna maɓallin Windows da P tare, za ka ga zaɓi huɗu. In kana kan Duplicate, wato hoto ɗaya a sikirin biyu, dole su nemi abin da duka biyun za su iya ɗauka, sai mai ƙarfin ya sauko. Zaɓi Extend, kowanne sai ya samu nasa rizolushan da nasa Hz da nasa Scale, ka saita su ɗaya bayan ɗaya. In babban monitan kaɗai kake so, Second screen only.

A laftof Hz mai yawa yana shan batir, wasu ma da kansu suke sauka zuwa 60 da zarar ka zare caja, manhajar kamfanin ce ke yin haka, ba wani abu ne ya lalace ba. Windows 11 yana da Dynamic refresh rate a laftof ɗin da suka dace, yana hawa in kana gungura shafi ko rubutu da alƙalami, ya sauka in ba abin da ke motsi, in naka yana da shi kunna shi.

Mac da Linux a gurguje

A Mac, System Settings sai Displays, zaɓi monitan, akwai rizolushan akwai Refresh rate in monitan yana da zaɓi fiye da ɗaya. A tsofaffin zubin macOS kafin wanda ake kira Ventura sunan System Preferences ne, kuma in ka riƙe maɓallin Option ka danna Scaled ƙarin rizolushan za su fito. A Linux mai GNOME ko KDE yana cikin saitin nuni shi ma. Masu son rubuta umarni a taminal a kan X11, wato tsohon tsarin nuni na Linux, rubuta xrandr kaɗai zai jero maka ramuka da abin da kowanne yake iyawa, sai ka rubuta irin wannan: xrandr --output HDMI-1 --mode 1920x1080 --rate 144, ka canza sunan ramin da wanda ya nuna maka. A sabon tsarin nuni, Wayland, wannan ba ya aiki, koma saiti.

In sikirin ya yi baƙi

Toh ga inda hankali ke tashi. Ka zaɓi wani abu, sikirin ya ɗauke, ko ya rubuta Out of range ko Input not supported. Cire hannunka daga kibod da maus ka ƙirga daƙiƙa 15 zuwa 20, kar ka yi ta danne-danne a makance domin kana iya tabbatar da saitin da ba ka gani, Windows zai dawo da tsohon da kansa. Monitan bai ƙone ba, ƙin karɓar siginar kawai ya yi.

In bai dawo ba, danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, wannan yana sake tayar da direban girafik, za ka ji ƙara ƴar ƙarama. Bai yi ba? Zare kebul ka mayar, ko ka canza rami, ko ka jona wani sikirin ko talabijin, domin Windows yana ajiye saitin kowane monita daban ne, a sabon zai fito da hoto. In duk wannan ya ƙi sai hanyar ƙarshe: kashe kwamfutar da maɓallin wuta, kunna, da ta fara tashi ka sake riƙe maɓallin ta mutu, yi haka sau biyu zuwa uku za ta shiga shafin gyara. Bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sai ka danna 3 wato Enable low-resolution video. Windows zai tashi da ƙaramin hoto da kowane monita yake karɓa, sai ka je ka gyara saitin. Lamba 4 ita ce Safe Mode in direban ne kake son cirewa gaba ɗaya.

Ƴan gem

Hz na monita daban, fps na gem daban, wato yawan hoton da katinka yake haɗawa a daƙiƙa. Monita mai 144 in katinka hoto 50 kawai yake iya haɗawa a daƙiƙa, 50 za ka gani, sauran maimaici ne. Haka in katin yana ba da 200 monita kuma 60 ne, cikakkun hotuna 60 kawai zai nuna, kuma anan ne ake ganin hoto yana yagewa a tsakiya, sama ta riga ƙasa. Sannan gem da yawa suna da nasu saitin rizolushan da Hz a ciki, ka shiga ka duba, wani yana nan a 60 duk da ka ɗaga na Windows.

Maganin yagewar na da shi ne V-Sync, yana hanawa amma yana kawo ɗan jinkiri tsakanin hannunka da abin da ka gani. Na yanzu shi ne a bar monitan ya riƙa bin saurin katin, NVIDIA ta fito da G-Sync a 2013, AMD ta biyo da FreeSync a 2015, kuma tun 2019 katunan NVIDIA suna aiki da monitocin FreeSync da yawa ta DisplayPort. Wuri biyu ake kunna shi, a menu na monitan tukuna, sannan a manhajar katin, in ka yi ɗaya ka bar ɗaya ba ka yi komai ba. In gem ya yi wa katinka nauyi, anan ne kaɗai nake ganin rage rizolushan yana da ma'ana, kuma a cikin gem ɗin za ka rage ba a Windows ba, ko ka kunna DLSS ko FSR in akwai, dabarun da ke haɗa hoto a ƙaramin rizolushan sannan su ɗaga shi.

Maganar tura monita ya wuce iyakarsa, irin a maida mai 60 ya koma 75 ta Customize na NVIDIA ko manhajar CRU, eh yana yiwuwa a wasu, amma sau da yawa monitan yana karɓar siginar ne yana zubar da wasu hotunan, lamba ta hau motsi kuma ya ƙara muni. In za ka gwada ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kana duba gwajin tsallake hoto da ke testufo, kuma ka san kamfani bai lamunce maka wannan ba.

Wani abu da ake yawan rikitawa: in idonka yana ciwo ko kana ganin sikirin yana ƙyaftawa, a zamanin manyan monitoci masu tulu a baya ɗaga Hz zuwa 75 ko 85 ne maganin, domin su da gaske haskensu yana ɗaukewa tsakanin hoto da hoto. A LCD ba haka bane, hoton yana tsaye har wani ya zo, ƙyaftawar in akwai galibi daga fitilar baya ce, wasu monitoci suna rage haske ne ta hanyar kunna ta da kashe ta da sauri, kuma abin ya fi tsanani in hasken yana ƙasa sosai. Gwada ɗaga hasken monitan kaɗan ka gani, sannan in akwai saitin rage dishin motsi a kunne a menu, kashe shi lokacin karatu, shi ma da ƙyafta fitila yake aiki.

In talabijin ka maida monita

Abu biyu ne suke faruwa. Na farko gefen hoto ya yanke, Start ya shige ƙasa ba ka ganinsa, wannan daga talabijin ɗin ne ba kwamfuta ba, yana ɗan zuƙo hoton ne. Shiga saitin girman hoto da rimot ka nemi Just Scan a LG, ko Fit to Screen a Samsung, wasu kuma Overscan suke rubutawa sai ka kashe. Na biyu 4K ya maƙale a 30Hz ko launi ya ƙi cika, sai ka kunna cikakkiyar sigina a ramin HDMI ɗin da ka jona, Samsung suna kiran sa Input Signal Plus, LG kuma HDMI Ultra HD Deep Colour, kuma ka duba rubutun da ke gefen ramukan a baya domin a talabijin da yawa ba duka bane suke ɗaukar 4K a 120. Daga nan ka sa shi a Game Mode ko ka canza sunan ramin zuwa PC, in ba haka ba duk gyare-gyaren hoton da talabijin yake yi za su sa maus ya riƙa zuwa a makare ko da Hz ɗin daidai yake.